Bushiyar da Muka Bari a Bakin Ƙofa

Ranar wata Lahadi ce, a ƙarshen dogon hutun shekarar da zan shiga aji shida na firamare, ina tsaye a Magama, bakin boda, tsakanin farantan awara biyu: ɗaya nawa, ɗaya na Fassuma. An yi ruwa da asuba, ƙasa ta jiƙe, manyan motoci sun yi layi tun daga shingen kwastan har inda ido ya tsaya, waɗansu da buhunan albasa, waɗansu da raguna suna leƙe ta tsakanin katako. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya gauraya da warin gas da hayaƙin masu tsire. Ina korar ƙudaje da gefen hijabina, ina amsa kiran direbobi, amma idona na kan hanyar da Fassuma ta bi, don ta ce mini za ta je ta dubo ko motar babanta ta ƙetaro, yanzu za ta dawo. Rana ta yi tsaka ba ta dawo ba. Can sai na ji wani ɗan siririn kiɗa yana fitowa daga bayan wata motar albasa. Muryar na'urar gem ɗin Fassuma ce, na san ta kamar yadda na san tarin Inna a cikin taron mata. Kiɗan ne ban taɓa ji ba. Duk kiɗan da ke cikin gem ɗin nan na haddace shi, har a bakin murhu nakan yi shi da baki, amma wannan sabo ne. Tun ban ɗaga ƙafa ba na san abin da ya faru.

Fassuma ɗiyar Kawu Sani ce, ƙanen Inna, direban babbar mota da ke zaune a Maraɗi. Ke nan taubashiyata ce, ita ɗiyar namiji, ni ɗiyar mace. Wanda ya tashi a wajenmu ya san abin da wannan ke nufi. Tana da izinin ta kira ni baiwarta, ta ɓoye mini takalmi, ta tsoma hannu a kwanona, ta ce mu 'yan Najeriya ko cin burodi ba mu iya ba, ni kuwa ba ni da izinin fushi. In na ɓata rai ma dariya ake yi mini. A damanar nan Kawu ya kawo ta gidanmu a Jibiya hutun lakwal, wato makarantarsu, ta zo da ƙullin kayanta da kuma wata 'yar na'ura mai launin toka, girmanta bai wuce sandar sabulun wanki ba, wadda ya tsinto mata a cikin kayan gwanjo a kasuwar Maraɗi. Kaset ɗaya ne a jikinta, takardar da aka manna masa ta ɓantale, shi ya sa har yau ban san sunan gem ɗin ba. Mu dai gem muke ce masa, kamar babu wani a duniya sai shi.

Ban taɓa ganin abu mai kyau irinsa ba, kuma ina faɗin haka ne yanzu da na ga waɗanda yarana ke bugawa a waya masu launi kamar atamfa. Wata yarinya ce mai jan ɗankwali ta farka a wani gari da ke rataye a sararin sama, gidajensa a kan rassan wata ƙatuwar kuka, ruwansa yana gudu sama maimakon ƙasa, matakalansa na dutse suna juyawa in an taka su. Tana neman hanyar gida. Ba ta yi nisa ba ta tarar da wata 'yar dabba kamar bushiya ta maƙale a cikin ƙaya, bayanta yana haske. In ka cire ta, shi ke nan ta zama taka. Mu muka sa mata suna Fitila. Maɓalli ɗaya na tsalle ne, ɗaya na kiran Fitila ko a ce mata ta tsaya. Babu wani dogon rubutu, babu mai yi maka bayani, ba Faransancin Fassuma ake bukata ba, ba ɗan Turancina ba. Ɗakin da ka shiga shi zai koya maka abin da yake so. Ga ƙofa a rufe, ga faifan dutse a ƙasa, in an taka ƙofar ta ɗaga, in an sauka ta faɗo. Sai ka tsayar da Fitila a kai ka wuce, ka nemo igiya ko sanda a can gaba ka buɗe mata wata 'yar kafa ta biyo ka. In ruwa ne, yarinyar ta ɗora ta a ka, kamar yadda muke ɗaukar farantin talla. In duhu ne, ita ke shiga gaba. Kowane ɗaki da dabararsa, amma ƙa'idar ɗaya ce: su biyu suka shiga, su biyu za su fita.

Mu ma haka muka raba aiki. Fassuma yatsunta kamar na mai saƙa, ita ke tsalle-tsallen. Ni in na riƙe na'urar sai hannuna ya yi gumi, yarinyar ta faɗa rami tun a tsallen farko. Amma ni ce mai gano hanya. Sai mu cije a ɗaki guda, mu kashe, in tafi surfe ko ɗibar ruwa ɗakin yana cikin kaina, ina juya shi, ina juya shi, sai in saki taɓarya in ruga: "Fassuma, ba igiyar za a fara ja ba, dutsen za a fara turawa!" Ita kuma ta ce, "Baiwar ga tawa da kai kamar na alƙali, da hannu kamar na kuturu." Ko a gonarmu ta wajen Farfaru, ranar da muka kai wa masu noma fura, a gindin gawo muka zauna na zana mata ɗakin da tsinke a ƙasa, na nuna mata inda Fitila za ta bi. Ba mu taɓa wuce ƙofa ɗaya ba sai da kaina da hannunta.

Ba wai gem ɗin ba shi da aibu ba ne. Yana da su, har da masu sa mutum ya ciji yatsa. Tsallen yarinyar yana da nauyi, sai ka danna ta yi ɗan jinkiri kamar wadda aka aika ba ta so, in kuma ta sauka sai ta zame kamar ta taka kuɓewa. Gilashin ba ya ganuwa a rana, dole mu haɗa kai a ƙarƙashin hijabi ɗaya muna zufa, har Inna ta ce wai mun zama kaza mai kwanci. Akwai wata gada ta iska wadda ba dabara a cikinta ko kaɗan, sa'a ce kawai, iskar ta ga dama ta bar ka, ta ga dama ta watsar da kai; mun tsane ta ƙwarai, don ta saɓa wa duk abin da sauran ɗakunan suka koya mana. Sannan ba ya ajiye inda ka tsaya sai ka kai wata rijiya, rijiyoyin kuwa nesa da juna suke. Dokar Inna ita ce da an ce Allahu akbar a masallacin unguwa, a kashe. Sau nawa muna dab da rijiya aka kira la'asar, muka kashe muna kallon juna, aikin wuni ya tafi a banza. Na tuna na taɓa ce wa Inna, waɗanda suka ƙera abin nan ba su san ana kiran salla ba. Ta ce, "To ke kin sani, tashi ki yi alwala."

Babban aibunsa shi ne cin batir. Fassuma pil take ce musu. Sabbin da Kawu ya haɗo ta da su ba su daɗe ba suka mutu, daga nan muka koma kiwon matattu. Wannan aikina ne. Nakan roƙi tsofaffin batiran rediyon Baba da na tocilan ɗin maƙwabta, har mai shayin bakin tasha ya san ni, in jera su a kan kwanon ɗakin girki su sha rana, don a lokacin duk yaro ya yarda rana tana mayar musu da rai, kuma wallahi tana ɗan mayarwa. Waɗansu har cizon su muke yi a gefe. Amma damina ce. Sai ka shanya hadari ya haɗo daga gabas, in bar abin da nake yi in hau turmi in kwashe su a cikin ɗankwali, ruwa na dukana. Batirin da ya wuni a rana bai fi ya ba mu ɗaki ɗaya ko biyu ba, sai ɗan jan hasken da ke gefen na'urar ya fara dishewa.

A haka, ɗaki bayan ɗaki, muka kai ƙofar ƙarshe. Mun san ta ƙarshe ce don ta fi duk sauran girma, kuma ta ƙarƙashinta ana hango wani haske da rufin wani ɗan gida. Faifan dutsen yana can nesa da ita. Muka tsayar da Fitila a kai, ƙofar ta ɗaga, yarinyar ta je bakinta, muka duba babu igiya, babu sanda, babu kafa. Muka kira Fitila, da ta sauka ƙofar ta faɗo. Muka sake, muka sake. In yarinyar ta matsa kusa da ƙofar sai Fitila ta juyo ta dube ta, hasken bayanta ya ragu. Wanda ya zana wannan ɗan juyowar, Allah kaɗai ya san abin da ke ransa. A nan ne na fara jin gem ɗin ya ci amanata. Tun daga ɗakin farko yake koya mini ba a barin kowa a baya, na yarda da shi, na sha ruwan sama saboda shi, sai a ƙofar gida ya ce in bar wadda ta haska mini hanya.

Fassuma ta ce, "Mi kike ma kuka? Dabba ce ta cikin gilashi. Mu wuce mu ga gidan."

Na ce ba zan wuce ba, akwai hanya, ba a taɓa rasa hanya ba. Na riƙe mata hannu har sai da ta ce wallahi ba za ta shiga ƙofar nan ba sai da ni, kuma sai mun gwada duk abin da za a gwada. Ta ce wallahi, da bakinta. Ni kuwa a Islamiyya an koya mana nauyin wannan kalma, na ɗauka ko taubashi in ya faɗe ta wasa ya ƙare.

Hanyar a tsakar gida na same ta. Wata iska ta taso gabanin ruwa tana buga ƙyauren ɗakin Inna, sai na ga Inna ta gungura dutsen niƙa da ƙafa ta tokare shi, ta ci gaba da tankaɗe. Na tsaya da tsintsiya a hannu. A wani ɗaki can baya, kafin gadar iska, akwai wani ƙaton tulu da muka taɓa turawa muka taka muka hau, muka bar shi nan. In aka turo shi har kan faifan fa? Ban san ko zai ƙetare gadar ba, ban san ko nauyinsa ya isa ba. Amma hanya ce. Fassuma ta ji, ta ce komawa baya da dawowa ta gadar nan da tulu zai ci pil masu yawa, ga shi babanta zai zo ɗaukarta ranar Lahadi da yamma. Na ce ta bar mini wannan. Duk makon nan ban zauna ba. Na yi wa maƙwabciyarmu wanke-wanke don ta ba ni batirin agogon bangonta, na bi mai shayi har sai da ya zazzage mini gwangwaninsa, na tsare kwanon ɗakin girki kamar mai tsaron shanyar gero. Muka daina kunna gem ɗin gaba ɗaya don tanadi. Muka shirya ranar Lahadi, da mun sayar da awarar Inna a boda, mu dawo gida da wuri mu gwada kafin Kawu ya iso. Da safe na ɗaure batiran a ƙyalle, da yake zanena ba shi da lalita sai na ba Fassuma ta sa a jakarta, inda na'urar take.

Shi ne na bi kiɗan nan, na bar farantan biyu a hannun wata mai fura. Na zagaya bayan motar albasa na same ta zaune a kan tsohuwar taya, ta lulluɓe kanta da gyale. Na yaye gyalen. Rubutu ne ke hawa sama a gilashin, fari a kan baƙi, kiɗan yana ta tafiya a hankali, kuma abin da ya fi ƙona mini rai, kiɗan yana da daɗi. Kafin in buɗe baki rubutun ya ƙare, gilashin ya yi duhu, sai ga yarinya mai jan ɗankwali kwance a reshen kuka, a ɗakin farko, ita kaɗai. Ashe haka aka yi shi: wurin ajiya ɗaya ne, in an gama sai ya share komai ya koma farko. Babu ƙofar ƙarshe, babu tulu, babu rijiyoyin da muka sha wuya muka kai. Jan hasken gefen na'urar ma ya fara dishewa. Batiran da na yi mako ina shanyawa, ta ƙone su tana zagayen bakin ƙofa kafin ta shige.

Ta ce, "Luba, babu wata hanya. Haka sunka yi shi. Da mun ɓata pil a wajen tulunki da ba wanda ya ga ƙarshe, ni ko yau zan tahi."

Ban tambaye ta abin da ke bayan ƙofar ba. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne, duk lokacin da take nan tana shigewa, ni ina can tsaye inda ta ajiye ni, ina tsare mata faranti, ina kore mata ƙudaje, ina leƙen hanya. Na koma na ɗauki nawa farantin, na bar nata, na kama hanyar gida a ƙasa ina kuka, ban jira mota ba.

Da yamma Kawu ya zo, ya tarar idona ya kumbura. Inna ta ba shi labari tana dariya. Na ɗauka in aka ji ta ce wallahi za a yi mata faɗa, ko sau ɗaya. Kawu ya kwashe da dariya har yana buga cinya, ya ce, "Kai, ɗiyar ga tawa! To ke Luba, wa ya ce ki ba uwargijiyarki amana? Ai aikin baiwa ke nan, ta tsare faranti." Inna ta ce, "Wasa ne, taubashiyarki ce, ba a fushi da taubashi. Tashi ki yi mata rakiya." Na tashi, don ba a musu da Inna. Na ɗaukar mata ƙullin kayanta har bakin titi. Ta hau gaban motar, ta leƙo ta yi mini gwalo, sannan ta ɗaga mini hannu, ban san wanne ne na gaskiya a cikin biyun ba. Na'urar ta tafi da ita, ba ta sake ƙetaro boda ba. An ce ƙannen Fassuma sun jefa ta a randa.

Mun girma, kowa ta yi aure. An rufe bodar nan an buɗe, an sake rufewa an sake buɗewa, har akwai shekarun da sai dai mu gaisa ta waya. Gonar Farfaru ma yanzu ba kowace damina ake samun zuwa ba. Ina son Fassuma, Allah ya sani, da ta yi rashin lafiya ban iya cin abinci ba. A sunan autata ta zo, muna zaune a ɗaki muna ƙulla cincin a leda, sai na ji bakina ya yi tambayar da na riƙe tun ina yarinya. Na ce, "Fassuma, don Allah, me kika gani a bayan ƙofar nan?" Ta ce wace ƙofa? Na tuna mata, gem, bushiya, motar albasa. Ta yi tunani, ta yi tunani, sai ta tuntsire da dariya ta ce, "Wallahi ban tuna ba! Amma na tuna kin saida mani awarata kusan duka, baiwar kirki." Matan ɗakin suka yi dariya, ni ma na yi, don haka ake yi. Amma na fita tsakar gida na daɗe ina gyara itacen murhun da ba ya bukatar gyara. Ta karɓe mini abin, kuma ko ajiye shi ba ta yi ba.

Yanzu yarana suna buga nasu a wayata, ba shanya batir, ba haɗa kai a ƙarƙashin hijabi, in an kira salla su danna ya tsaya cak ya jira su. Babbar ta taɓa cewa in faɗa mata sunan nawa ta nemo mini, mu ga ko tulun zai yi. Ba ni da sunan da zan ba ta. Wataƙila Fassuma ce da gaskiya, haka suka yi shi. Wataƙila kuma sun ajiye tulun nan ne don mai haƙurin komawa baya. Ba zan taɓa sani ba. Abin da na sani shi ne, in ɗaya daga cikin yarana ya shigo yana kuka ɗan kawunsa ya yi masa wani abu, ba na ce masa wasa ne. Nakan zaunar da shi in ji abin da aka yi masa tukuna. In kuma hadari ya haɗo daga gabas, har yau idona kan kai kan kwanon ɗakin girki kafin in tuna ba abin da na shanya. A wurina Fitila tana nan tsaye a kan faifan dutsen, tana jiran a kira ta.